Gado Mai Taga na Inna Juwairiyya

A unguwarmu ta Mai Wurno, in ka ga mace ta taso daga tabarma tana dafe da ƙugu, tana cije leɓe, ciki ya yi gaba ita ta yi baya, ba mai tsayawa yi mata sannu sau biyu. Cewa ake yi, "Ke, mi kike jira? Tafi Inna Juwai ta ɗora ki bisa taga." Baƙo in ya ji haka sai ya ɗauka mun zautu. To lafiyarmu ƙalau. Gado ne, irin namu na nan Sudan da muke kira angarib, ƙafafu na icen bagaruwa da saƙar igiya. Sai dai na Inna Juwairiyya saƙar fata ne, kuma a tsakiyarsa an bar wani buɗi kewayayye, ya ɗara faifai faɗi, an yi masa baki da fatar akuya mai laushi. Shi muke ce wa taga. Mai ciki ta hau ta yi rub da ciki, cikin ya sauka ta tagar, bayanta ya miƙe, Inna ta zuba man riɗi a tafin hannu ta hau aiki.

Ni sunana Hadizatu, Inna kuwa Dije take ce mani. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata tun ranar da aka kawo ni, kuma duk 'ya'yana sun leƙa ta tagar nan kafin su zo duniya. Don haka in na ba da labarinta, ba ji na yi a bakin rijiya ba.

Bari in fara gaya muku abin da ke ranta, don kowa a unguwar ya sani. A ɗakinta akwai wani naɗi na igiyar fata rataye a ƙusa, ragowar wadda mijinta ya saƙa gadon da ita. Burinta ɗaya ne a duniya: in kwananta ya ƙare, a toshe tagar da igiyar nan, a ɗauke ta bisa gadon zuwa maƙabarta. Mu nan a angarib ake kai mamaci. Amma a unguwarmu gadon da ya kai gawa, mai ciki ba ta ƙara hawansa. Malamai sun faɗa har sun gaji cewa wannan ba shi da tushe a addini. Gaskiyarsu ne, amma je ka gaya wa mai ciki wata bakwai, ka ga kallon da za ta yi maka. Mun san ranar da Inna ta sami abin da take so, ranar taga ta ƙare. Ba wadda ta taɓa yin ƙorafi, don gadonta ne, kuma ba wadda ba ta san dalili ba.

Dalilin shi ne Almu, mijinta. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, "mutumen nan" take cewa, a wurin surukata na ji shi. Tana ba da labarinsa ne in tana soya bunnun jabana, wato 'ya'yan gahawa, da hantsi, hayaƙi na shiga idonta, ta sami abin ɗora wa laifin hawaye.

A lokacin ƙuruciyarsu, in an gama girbi a nan, motoci kan zo su kwashi mutane zuwa Jazira tsinkar auduga. Can ake kafa bukkoki a bakin magudanar ruwa, a yi watanni. Shekarar da suka je tare tana da cikin fari. Wanda bai tsinci auduga ba bai san ciwon baya ba: tun safe kana duƙe, buhu ɗaure a ƙugu kana ja, ga shi ita da wani buhun a gaba wanda ba a saukewa. In an tashi, ba ta iya zama, ba ta iya kwanciya rigingine, gefe ma ya ƙi. Abin da ranta ke so kawai ta yi rub da ciki ko na ɗan lokaci. Sai ta ɗauki fartanya ta zagaya bayan bukka, ta haƙa rami daidai cikinta, ta shimfiɗa zane ta kife a kai.

Haka Almu ya dawo wata rana ya same ta, fuska a ƙasa, ba motsi. Ya saki salati da ƙarfi har mutanen bukkoki suka fito a guje. Ita kuwa barci take, barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Inna ta ce kunyar ranar ta fi ciwon bayan. Washegari da ta zo gyara ramin, sai ga kunama a ciki ta yi ɗai-ɗai abinta. Almu ya kashe kunamar, ya cike ramin da ƙafa.

Shi dama yana taɓa gyaran angarib ranar Juma'a, masu gonaki na kawo masa. Sai ya samo katako, ya samo fatar sa wurin mahauci, ya yanka ta siri-siri, ya jiƙa, ya yi ta murzawa da mai. Ranar da zai fara saƙa ya cire rawaninsa ya zagaya cikinta da shi, ya ƙara taƙi ɗaya, ya ce, "Wannan na yaron ne, zai ƙara girma." Da ya gama, maza suka taru suna dariya, wai Almu ya saƙa gado ya manta tsakiya. Dariyar ma ba ta kai ta biyun ba, don da aka leƙa ta zana sai aka ga namiji guda, da gemunsa, ya naɗe hannun riga yana yi wa matarsa tausa. A wancan zamani! Inna ta ce har waƙa 'yan mata suka yi masa a gona, shi ko a jikinsa.

"Ni ba wanda ya koya mani aikin ga da baki," in ji ta. "Bayana ne ya koya. Inda mutumen nan ya danna na ji daɗi, nan nake danna maku."

Da ya gama saƙar, igiya ta yi saura. Ya naɗe ta ya ba ta, ya ce ta ajiye, in ta gama haihuwa zai toshe wurin su tsufa a kai. Allah bai nufa ba. Yaron yana tatata Almu ya koma tsinkar auduga shi kaɗai, zazzaɓi ya kama shi, abokan tafiya suka rufe shi can. Rawaninsa da takalmansa kawai aka kawo mata. Bayan shekaru ta bi mota ta je neman kabarin, ta tarar an tashi daga wurin, wannan ya nuna gabas wancan ya nuna yamma. Ta dawo ba ta ga komai ba. An matsa mata da maganar aure, ta yi guda don a bar ta ta sha iska, bai rufa shekara ba aka gan ta tafe da gadonta a ka. Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen.

Wata maƙwabciya ce ta fara roƙon a ba ta aron gadon, daga ita sai wata, har abin ya zama na kowa. Ita Inna ba ta ƙara kwana a kansa ba. Tana da wani ƙaramin angarib nata na kwana, shi kuwa mai taga yana rumfa, jingine da bango, yana jiran masu zuwa.

Zuwana na fari ba zan manta ba. Ina amarya, kunya kamar ta kashe ni, na shiga riƙe da kwalbar man riɗi, don kowa da manta take zuwa. Inna ta karɓa ta zuba a tasa ta ajiye a rana ya yi ɗumi, ba ta sa shi a wuta. Ta zaunar da ni ta fara tambaya. Kin ga jini? Kai na sara? Ido na ganin duhu? Ƙafa da fuska na kumbura? Akwai zazzaɓi? Duk wadda ta ce e ga ɗaya daga ciki, ko gefen gadon ba za ta taɓa ba. "Wanga ba na hannuna ba ne, tashi maza wurin Ruqaya." Ruqaya ita ce ungozomar asibitinmu, kuma ita ma in ta duba mace ta ga lafiya lau, gajiya ce kawai ta kama ƙugu, sai ta turo ta wurin Inna. Ƙaramin ciki ma Inna ba ta ɗorawa, sai ya fito sosai.

Ta ɗaura wani tsohon mayafi ƙarƙashin tagar don ya tallafi cikin kada ya yi ta reto. Na hau da ƙyar, ina jin tsoro. Cikin ya sauka ya zauna a mayafin. Wayyo Allah! Wani nauyi da na yi watanni ina ɗauke da shi, har na manta ba da shi aka haife ni ba, na ji an sauke mani. Kafin ta taɓa ni sai ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin gadon, ta ce, "Salamu alaikum baƙo. Sassauta wa uwarka, ka ji?" Na fashe da dariya har gadon na girgiza. Ta ɗaka mani duka a cinya, ta ce, "Mi abin dariya? Hausa nake sa masa a kunne tun yanzu, kafin Larabci ya tare shi a bakin ƙofa."

Daga kafaɗa take farawa, da gindin tafin hannu, tana bin gefe da gefen ƙashin baya, ba ta hawa ƙashin kansa. Ta sauko a hankali har ƙugu, ta sa manyan yatsu a 'yan ramukan nan biyu da ke saman ɗuwawu ta riƙa juyawa. Sannan ta tattaro kwatangwalo da hannu biyu ta matse, ta riƙe, ta saki. Cikin kuwa ko kusa da shi ba ta zuwa. Ba ta barin mutum ya daɗe a kife, da ta gama sai ta ce a sauko a kwanta gefen hagu bisa tabarma. Ni ranar ban san lokacin da aka ce in sauko ba, don barci ya sace ni, miyau har ƙasa. Na yi shekaru Inna na ba mutane labarin miyan nan a gabana.

Kai, an yi zamani! Bayan la'asar rumfar nan cike take. Wannan na bisa taga, wannan na jiran layi tana tsince wake, waccan ta gama tana kwance tana zagin mijinta a hankali. Ƙamshin man riɗi da na jabana, iska na tasowa daga kogi. Fatar gadon ta sha mai har ta yi baƙi tana sheƙi, shi ya sa ba ta taɓa tsinkewa ba. Igiyar da ke ƙusa ita ma duk Juma'a Inna na sauko da ita ta shafa mata mai ta mayar. In ɗanta Bilyaminu ya shigo, wanda aka auna tagar da cikinsa, sai mata su taso shi gaba. Ya girma ya zama direban hafila, ƙaramar bas ɗin nan da ke zuwa Sinnar, ya ajiye tumbi ya fi na mai tagwaye. Mukan ce, "Direba, zo hau mu gani ko har yanzu tana yi maka daidai." Inna ma Direba take kiransa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

A hankali rumfar ta fara raguwa. 'Yan matan yanzu ga katifa, ga gadon ƙarfe, ga ɗamarar ciki ta kanti. Ban ga laifinsu ba, kowa da zamaninsa. Wata ma ta ce wai gadon na ƙarni. Ƙarni! Ita da aka gaisa da ita ta ƙarƙashinsa. Yatsun Inna kuma suka fara lanƙwashewa, har ni take sawa in matse kwatangwalo tana nuna mani. Daga baya gadon ya yi ta tsayuwa jikin bango, kaji na kwana a bayansa.

Shekarar da yaƙi ya tashi a Khartum, da bazara, Inna ta kwanta. Ba wani ciwo na a zo a gani ba, ƙarfi ne ya ƙare, abinci ya daina shiga. Wata safiya ta aika aka kira ni da Direba. Ta ce, "Ba mai zuwa yanzu. Sauko da igiyar can."

Direba bai iya saƙa ba, tuƙi ya sani. Ya zauna yana gumi da basilla, ita tana daga kwance tana nuna masa da sanda. "Ba nan ba, kai! Ƙarƙashi, sannan sama. Ubanka da ido rufe yake yin wanga." Sai da rana ta take kafin ya gama. Saƙar ta fito a karkace, amma ta toshe. Muka ɗaga Inna, ba nauyi ko kaɗan, muka ɗora ta a kai. Ta kwanta rigingine, ta yi ta shafa fatar da hannu. Can ta ce, "Ashe haka yake." Ta ƙara cewa, "Ya ce zai toshe, ga shi ya toshe, ko da hannun ɗansa ne." Ni na fita bayan ɗaki na sha kukana. Rabona da ganin fuskarta a sake haka tun ina amarya.

Kwanakin da suka biyo baya har abinci ta ɗan koma ci. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta bubbuga gadon ta ce, "Ga motata, ta gama shiri."

Ana haka mutanen Khartum suka fara kwararowa. Masu dangi suka shiga gidajen dangi, marasa kowa aka sauke su a makarantar unguwa. Cikin masu zuwa har da ɗiyata Ramla, wadda ke aure can. Ta yi kwanaki a bayan babbar mota bisa buhuna, ga ciki ya tsufa. Da aka sauko da ita ban gane tafiyarta ba. Ciwon ya kama ƙugu ya bi ƙafar dama, sai ta ja ta take yi. Na kai ta wurin Ruqaya, ta duba ta ce yaro lafiya, uwa ma lafiya, hanya ce ta murƙushe bayan. Ta ce hutu, ɗumi, da tausa a hankali. Na kwantar da Ramla gefe, na jera matasai, na yi duk abin da Inna ta koya mani. Yakan lafa kaɗan ya dawo. Yarinya ta rame, ido ya faɗa don rashin barci.

Rannan ta ce mani, da Hausarta da Larabci ya cinye rabi, "Yumma, Habboba Juwai fa? Gadon nan nata yana nan?" Habboba suke ce mata, wato kaka, Yumma kuwa uwa. Na toshe mata baki da hannu. Na ce, "Kada in sake ji. An toshe shi, kuma duk wanda ya kai maganar bayanki gidan can, ni da shi ne." Na ja kunnen kowa a gidan. Ɗiyata ce, ina jin ciwonta a jikina, amma ba zan ƙwace wa tsohuwa abin da ta jira sama da shekara hamsin ba.

Na manta danga ba ta riƙe magana. Wata safiya ina shara na ji murya daga can, siririya amma da sauran kaifi.

"Dije! Wa ke jan ƙafa a gidanki?"

Na ce, "Akuya ce, Inna, ta taka ƙaya."

"Akuyar ce ke kiran Allah da Larabci in za ta tashi? Kawo mani ita. Ki haɗo da basilla."

Na bar Ramla a gida na zagaya ni kaɗai, raina a ɓace. Na tarar Inna ta mirgina gefe, ta sa yatsun nan nata lanƙwasassu tana ta fama da ƙullin da Direba ya yi. Ko motsi bai yi ba. Na riƙe hannunta.

Na ce, "Wallahi ba za a kwance ba. Ramla ba ita ce ta fara ciwon baya a duniya ba. Za ta haihu ta warke."

Ta ce, "Sake mani hannu."

"Ba zan sake ba. Kabarinsa ba ki samu ba, wannan ma sai ki rasa? Haba Inna!"

Ta dube ni. "A makaranta masu ciki nawa ne?"

Akwai su, na gan su da idona a bakin famfo, kowace dafe da ƙugu, a kan siminti suke kwana.

Na sauko da murya. Na ce to a buɗe, in Ramla ta haihu a mayar. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke ma kin san ba ni kaiwa can. Kuma na makaranta rana ɗaya za su haihu da ita?" Ta ja numfashi. "Dije, ina so. Kada ki ɗauka ba ni so. Tun da aka ɗora ni a nan nake jin kamar yana ɗakin. Amma shi don mai ciki ya bar wurin ga a buɗe. In na je masa da gado a toshe, na baro ɗiya tana jan ƙafa bayan danga, mi zan ce masa?"

Na sake mata hannu. Ta sa aka kira Direba daga tasha, ta ce masa a gabana, "Gadon ga ba shi fita gidan nan, ko ina da rai ko babu. Dije ce shaida." Ƙaton mutum ya tsuguna ya rufe fuska da hula.

Ni na kwance saƙar da hannuna, ina yi ina masifa, ban ma san da wa nake ba. Muka mayar da Inna ƙaramin gadonta. Aka fito da mai taga rumfa, na ɗaura mayafi, na ajiye mai a rana. Inna ta ce sai an fito da ita. Muka jingina ta da bango bisa kujera 'yar tsugunne, ta yi wa Ramla tambayoyin nan nata duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ramla ta hau. Da cikin ya sauka ta saki wata ajiyar zuciya, sai kuka. Inna ba ta iya durƙusawa, sai ta miƙa sanda ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon ta ce, "Salamu alaikum baƙo. Ka sha hanya. Sassauta wa uwarka." Ta ɗora hannunta a kan nawa, ni ke dannawa ita ke tuƙawa. Kafin mu kai ƙugu yarinya ta yi barci. Inna ta leƙa fuskarta ta ce, "Miyau. Ɗiyarki ce, ba a musanya maki ba."

Labari ya kai makaranta, rumfa ta sake cika. Wasu ko kalma ɗaya ta Hausa ba su ji, Inna kuwa ba ruwanta, da Hausa take gaida cikinsu. Ramla ta daina jan ƙafa. Ita Inna kullum ƙara shiga gado take, har ya zama daga ɗaki take sauraro, in ta ji mace ta yi ƙara ta ce, "Dije, kin hau ƙashi!"

Inna ta cika da hantsi, washegarin ruwan fari, Ramla ba ta haihu ba tukuna. Da aka gama yi mata sutura na fito na ga Direba tsaye gaban gadon a rumfa, igiyar a hannunsa. Ya daɗe a wurin. Na rantse da Allah, da ya juyo ya tambaye ni, cewa zan yi toshe, ni da aka sa shaida. Bai tambaya ba. Ya aika aka aro angarib daga masallaci, sabo fil, da igiyar roba shuɗiya. Na tsani gadon nan da ganinsa, shi kuwa bai yi mani komai ba.

Aka ɗora ta, aka lulluɓe da tabarma. Hanyar maƙabarta ta yi laka saboda ruwan jiya, ga gangara, maza suka ce a samo abin ɗaurewa kada ta zame. Ana neman tsumma, Direba ya dubi abin da ke hannunsa, ya dube ni.

Na ce, "Mi kake kallo? Ɗaure ta da ita."

Ya zagaya igiyar a kafaɗa, ya sauko ƙugu, ya kai ƙafa. Ta isa daidai, ba ragi. Suka ɗaga. Mu mata ba mu zuwa, a bakin ƙofa muka tsaya. Ina hango baƙar igiyar nan tana sheƙi bisa tabarma, ta rungume ta tsam, har suka sha kwana wajen masallaci.

Na juyo zan shiga, sai ga wata yarinya daga makaranta, ban taɓa ganinta ba. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da 'yar kwalbar mai. Ba ta ji labari ba. Ta ga taro, ta ga idanunmu, ta gane. Ta ɓoye kwalbar cikin mayafi ta juya a hankali za ta koma.

Na ce, "Ke! Ina za ki?"

Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce, "Haba Dije, yau? Ko dawowa ba a yi ba."

Na ce, "Don wa aka kai ta bisa gadon aro?"

Na karɓi kwalbar, na zuba man a tasa na ajiye inda rana ta ɗan leƙo. Na yi wa yarinyar tambayoyi da Larabci, ta amsa, na taimaka mata ta hau. Sannan na durƙusa, gwiwoyina na ƙara, na leƙa ƙarƙashin gadon.

"Salamu alaikum baƙo," na ce. "Sassauta wa uwarka, ka ji?"